Fistula ta masu wankin ƙoda: wane suna za mu ba ta?

Jama'a, musamman likitocinmu masu neman ƙwarewa a fannin ƙoda da ma'aikatan jinya na ɗakin wankin ƙoda, akwai kalmar da ya kamata mu tsayar da magana a kanta: fistula.

A Arewa kunne ya riga ya san ta ta wata fuska. Ka ambace ta a Katsina, hankali ya tafi asibitin Babbar Ruga, wato yoyon fitsari. Sai ga likita ya dubi dattijo mai ciwon ƙoda ya ce, "Baba, za mu yi maka fistula." Me ake so ya fahimta?

Kalmar daga Latin take, ma'anarta bututu, likitoci kuma suna kiran duk hanyar da ta ɓulle tsakanin sassa biyu na jiki da ita. Ta yoyon fitsari rauni ne, galibi daga doguwar naƙuda. Ta masu wankin ƙoda kuwa da gangan ake yin ta. Likitan fiɗa zai ɗinke jijiyar nan mai bugawa a wuyan hannu da wadda ke mayar da jini zuciya, sai jini mai ƙarfi ya riƙa bi ta cikin ta biyun. Daga mako 6 zuwa wata 3 sai ta yi kauri, ta taso, har ta iya ɗaukar manyan allurai biyu sau 3 a mako. Injin wanki yana jan kamar mililita 300 na jini a minti ɗaya, jijiyar da ake ƙarin ruwa da ita ba za ta jure wannan ba. Likitoci Brescia da Cimino da abokan aikinsu ne suka fitar da dabarar a New York a 1966, har yau kuma ita aka fi so, don robar da ake zurawa a jijiyar wuya ko ta cinya domin wanki ta fi saurin shigar da ƙwayoyin cuta cikin jini.

To, wane suna za mu ba ta da Hausa? "Dashen jijiya" bai yi ba. Ba a ciro komai daga jikin kowa ba, a bar wa dashen ƙoda sunansa.

"Ƙofar wanki" tana da daɗin faɗa, amma ƙofa tana nuna abu a buɗe. Majiyyaci zai zaci rami za a bar masa a hannu, ya shiga fargabar wanka da alwala, alhali fata ce a rufe da zarar ɗinki ya warke.

"Haɗin jijiya" ya faɗi abin da likitan fiɗa ya yi daidai, sai dai sunan aikin ne, bai kama abin da mutum zai koma gida da shi ba.

Don haka nake ganin a raba biyu: aikin, haɗin jijiya, abin da ya taso a hannu, jijiyar wanki. Na san wani zai ce ai jini ake wankewa, ba ƙodar ba. Gaskiya ne, amma "wankin ƙoda" ya riga ya zauna a bakin kowa, gara mu jingina da shi.

Gwajin suna shi ne ya shiga cikin gargaɗi ba tangarɗa. "Hajiya, wannan hannun na jijiyar wanki ne. Kada a auna hawan jini a nan, kada a ɗebi jini, kada a ƙara ruwa, kada ki yi matashi da shi, awarwaro ma a cire. Kowace safiya ki ɗora yatsu ki ji tana zirr. Ranar da ta yi shiru, ki zo asibiti a ranar, ƙila jini ne ya daskare a ciki." Duk ya shige.

Idan jijiyoyin mutum sun yi ƙanƙanta har sai an sa bututun roba a ƙarƙashin fata ya haɗa su, wannan sai mu ce jijiyar roba.

Abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke karatu da Faransanci, kalmar guda ce a wajenku ga yoyon fitsari da wannan. Me kuke ce wa majiyyata?