An ce in zama foman amma da sharaɗi, ku ba ni shawara

Ɗan Filato:
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Dan Allah shawara nake nema, abin nan ya hana ni barci. Shekarata 4 kenan a Riyad ina aikin wayarin a wani kamfanin gini, to jiya mudir, wato manaja, ya kira ni ofis yace za su ɗora ni foman a kan mutum wajen talatin, yawanci 'yan Bangladash da Nepal sai namu kaɗan, za a ƙara min albashi a ba ni ɗaki ni kaɗai har da mota. Sai kuma ya ƙara da cewa wanda suka cire ɗin ba shi da wayo ne. Na gane karatun. Kun san dokar hana aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, to foman ne zai san dabarar da zai yi zuba kankare bai tsaya ba, shi ne kuma zai sa hannu a takardar awanni bayan an zaftare wa mutane obataim. Juma'ar da ta wuce da muka taru addu'a a ɗaki Matiyu 4 muka karanta, inda Shaiɗan ya hau da Yesu kan dutse ya nuna masa mulkokin duniya, tun jiya wurin ke ta dawo min a rai. Amma fa ina da yara uku a makaranta a Bukuru ga mama ba lafiya. In na ƙi, tsoron Allah ne ko wauta?

Mama Nas Jidda:
Ɗana sannu. Ka sake duba wurin da kyau, aya ta 9. Ba kyauta Shaiɗan ya miƙa ba, ciniki ne, zan ba ka duka in ka faɗi ka yi min sujada. Kai ma ai an gaya maka farashin tun kafin ka zauna a kujerar. Yaƙub 5:4 ya ce ladan ma'aikatan da aka danne kuka yake yi har Ubangiji ya ji, kuma sa hannunka ne zai kasance a ƙasan takardar ba na mudir ba, ko a nan duniya ranar da masu bincike suka zo kai za a miƙa musu.

Na Zonkwa:
Mama da girmanki amma ni ban yarda kowace kujera ta Shaiɗan ce ba. Yusufu bai yi mulki a Masar ba? Daniyel fa a Babila? Ko da masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yahaya Mai Baftisma a Luka 3 bai ce su ajiye aiki ba, cewa ya yi kar su karɓi fiye da ƙa'ida, kar su yi wa kowa ƙwace, albashinsu ya ishe su. In ka ƙi wani mara imani za a kawo ya gasa wa yaran nan aya a hannu. Ka karɓa ka kare su, yayana.

Tsohon Foman Dammam:
Na Zonkwa ka manta Daniyel ɗin sai da ya kwana a ramin zakuna saboda abin da ya ƙi yi. Ƙanena ni na riƙe irin wannan kujerar shekara biyu, kuma da wannan maganar ta zan kare su na shiga. Watan farko na yi gardama, na biyu na ce bari in lallaɓa, kafin wata shida na fara jin daɗin yadda mutane ke tashi tsaye su ɓoye shayinsu in sun hango farar hulata. Wannan ne ba wanda zai gaya maka, ba kuɗin ne ya fi kama mutum ba. Akwai wani dattijo ɗan Nepal da muke cin shinkafa a faranti ɗaya a da, rannan ya zo roƙon hutu yana ce min mudir yana sunkuyar da kai, na kuwa hana shi ba don komai ba sai don ina iya hanawa. Da dare na kasa buɗe baki in yi addu'a. Ban ce kar ka karɓa ba, Nehemiya ya yi gwamna shekara 12 bai ci abincin gwamna ba don kar ya nawaita wa jama'a, amma shi tun farko ya san abin da ba zai taɓa ba. Ka faɗa wa mudir naka tun yanzu baki da baki, ba bayan ka saba da motar ba.

Ɗan Filato:
Na gode ƙwarai Mama da yayyena. Yau da safe na sami mudir nace zan yi aikin amma ba zan sa hannu a awannin da ba su ba ne, kuma 12 na yi mutane za su shiga inuwa. Ya dube ni ya yi dariya yace in je zai neme ni. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, saura wata biyar ta ƙare kuma su ne za su sabunta, ku sa ni a addu'a. Ban ma gaya wa madam ba tukuna.