Yaro ɗan shekara 5 yana minshari kamar babba, ina neman shawara

Maman Abdul, Aboabo a Kumasi: Salamu alaikum 'yan zaure. Ɗana shekararsa 5, kusan kullum da dare sai ya yi ta minshari har a jiyo shi daga tsakar gida. Baki buɗe yake kwana, gumi ya jiƙa matashin kai ko da fanka tana kaɗawa. Abin da ya fi tayar min da hankali, wani lokaci numfashin yakan ɗauke ɗif, can sai ya zabura ya ja iska da ƙarfi. Fitsarin kwance da ya daina ma ya dawo. Kakarsa ta ce nauyin barci ne irin na gidansu.

Hajiya Babba, Asawase: Wa alaikumus salam. 'Yata, an cire masa beli kuwa yana jariri? Mu a zamaninmu wanzami ake kira.

Anti Rabi, nas, Tafo: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma a yi haƙuri, kar a kai wa wanzami wannan. Beli ba shi ne ke toshe hanyar ba, kuma yanke shi yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Maman Abdul, abin da kika lissafa ya yi kama da toshewar numfashi cikin barci. A yara irin shekarunsa, yawanci 'yan wuya ne suka yi girma, ko naman da ke can bayan hanci, wanda ba ya ganuwa ko an buɗe baki. Idan barci ya ɗauke shi, naman maƙogwaro ya saki, sai hanyar iska ta ƙuntata. Jiki ya farkar da shi kaɗan ya ja numfashi, ya sake komawa, haka har gari ya waye. Ke kina ganin ya kwana, shi kuwa bai huta ba. Yaya yake da rana?

Maman Abdul: Kai Anti, ƙiriniya! Ba ya zama wuri ɗaya, malamarsu kullum ƙorafi take ba ya mai da hankali.

Anti Rabi: To kin gani. Babba in bai ƙoshi da barci ba gyangyaɗi yake yi, yaro kuwa sau da yawa rigima da rashin ji ne ke fitowa, a yi ta zane shi a banza. Yau da dare ki ɗauke shi bidiyo a waya, minti biyu ko uku, da sauti, ki ɗage rigarsa a ga yadda ƙirji ke lotsawa. A gaban likita yaro idonsa biyu, lafiya lau za a gan shi. Ki fara da asibitin Manhyia tunda shi ne kusa da ke, ki riƙe katinsa na inshorar lafiya (NHIS), ki nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye.

Malam Sani, Sawaba: Ni tawa daban ce. 'Yata mai shekara 4 tana tashi zaune wajen ƙarfe 11, ido buɗe, tana ihu, ba ta gane kowa. Da safe ba ta tuna komai. Muna yi mata tofi.

Anti Rabi: Malam, addu'a a ci gaba da yi. Wannan firgitar farkon dare sananniya ce a ƙananan yara, kuma galibi tana wucewa da girma. Kar a girgiza ta don ta farka, a dai tsare ta kar ta ji ciwo. Ƙarancin barci yana ƙara ta. 'Yan shekara 3 zuwa 5 suna buƙatar awa 10 zuwa 13, har da na rana, 'yan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Yaranmu ga boko, ga makarantar yamma, ga zaman waya har 10, a kuma tashe su da asuba, lissafin ba ya fita. Amma in jikinta yana sandarewa ko fizga, ko ta ciji harshe, ko abin ya maimaitu a dare ɗaya, a kai ta a duba farfaɗiya.

Baban Nura, Sabon Zango: Ni dai cokali ɗaya na Piriton nake ba nawa, shiru kake ji.

Maman 'Yan Biyu, Alabar: Haba Baban Nura! Maganin mura da ƙaiƙayi ne fa, ba na lallashi ba. Yaron da numfashinsa ke ɗaukewa a ƙara masa abin da zai danne shi? Namu da suka riƙa juye-juye da sosa duwawu da dare, ashe tsutsa ce, aka ba gidan duka magani. Mun kuma daina kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki, gidan sauro muke sawa, toshewar hancin ta ragu sosai, musamman da hunturu.

Anti Rabi: Maman Abdul, na manta ban tambaya ba, yana da sikila? Masu ita sun fi yawan samun wannan matsala, kuma raguwar iska a jini da dare ba ta yi musu kyau. Tun 1995 ake gwajin jarirai a nan Kumasi, duba katin awonsa.

Maman Abdul: AS ne, ba shi da ciwon sikila, alhamdulillahi. In an ce sai aiki fa? Babansa ba zai yarda da sauƙi ba.

Anti Rabi: Ba kowa ake wa aiki ba, wasu maganin fesawa a hanci ake fara ba su a ga hali. Ki nuna wa babansa bidiyon tukuna, kuma ranar ganin likita ku tafi tare.