Danshi da sanyi a tsohon gida na bakin teku a Hove

Uwargida a Hove:
Assalamu alaikum. Mun sayi ɓangare a bene na farko na ɗaya daga cikin gidajen Brunswick Square da ke Hove, a kudancin Ingila, waɗanda aka gina a shekarun 1820 domin iyali guda, daga baya aka rarraba su. Falon yana da silin mai tsayi da adon filasta, da tagogin katako masu sauka har ƙasa, amma iskar teku tana kutsowa ta gefensu, fentin bangon gaba kuma yana kumbura. Ina tunanin sa tagogin roba masu gilashi biyu da yaɓe bangon da siminti. Mene ne shawararku?

Magini:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada siminti ya taɓa bangon nan. Gidaje da yawa na wancan zamani a Brighton da Hove an gina su da abin da mutanen garin ke kira bungaroosh, wato cakuɗen farar ƙasa da tsakuwar bakin teku da gutsattsarin bulo. Irin wannan bango yana shan danshi ya kuma fitar da shi, siminti kuwa kulle ruwan yake yi a ciki, kamar yadda yake yi wa ginin ƙasa idan an yaɓe shi da shi, har bangon ya riƙa rugurgujewa daga ciki. Ki sa a fara duba indararo da tsagewar bangon waje, sannan a gyara da yaɓen farar ƙasa da fenti mai barin danshi ya fita. Bangon ba ya riƙe ƙusa da kyau, saboda haka kabad mai nauyi ya zauna a ƙasa.

Tsohon mazaunin Brighton:
Hajiya, batun tagogin na doka ne. Gidajen dandalin Brunswick Square suna mataki na ɗaya a jerin gine-ginen tarihi, kuma kariyar ta haɗa har da cikin gida: murhun bango, adon silin, ƙofofi. Canza su ba tare da izinin hukumar birnin ba, laifi ne, ga kuma amincewar mai asalin ginin da takardar mallakarki za ta iya buƙata. Abin da aka fi amincewa da shi shi ne ƙara siririn gilashi na biyu daga ciki, a bar tagar asali a wurinta.

Maƙwabciya:
Yaya, ki duba gefen tagogin da kyau, domin sau da yawa marufan katako na asali suna naɗe a wurin, fenti ne ya manne su. Idan kafinta ya ɓanɓaro su, rufe su da dare yana rage sanyi ƙwarai. Ki kuma bar tazara tsakanin kayan ɗaki da bangon da ke fuskantar teku, don kada su yi fumfuna.