Ƙaramar bindigar ɓoyewa a jiki: abin da masu ɗaukarta a Amurka ke ba da shawara

A wata tattaunawa tsakanin masu ɗaukar bindiga a Amurka, tambayar da aka fara da ita mai sauƙi ce: wace bindiga ce za ta ɓuya ƙarƙashin riga, kuma mutum ya iya harbi da ita daidai? Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun tsaya kan masu harsashin milimita 9, saboda araha da samuwarsa.

Gardama ta fi zafi a kan girma. Masu son Glock 19 suna yaba harsasai 15 da take ɗauka da yadda take zama a hannu. Wasu suka ce ta yi kauri ga siririn mutum, musamman da bazara, suka nuna SIG P365 wadda ta fito a 2018 da harsasai 10, ko Glock 43X. Sai dai ƙaramar bindiga ta fi fizgar hannu lokacin harbi, don haka ta fi wuyar saiti ga sabon shiga. A ganina shawarar da ta fi nauyi ita ce a je filin koyon harbi a yi hayar biyu ko uku a gwada kafin a saya.

Kube ma ba abin wasa ba ne. Dole ya rufe kunamar bindigar ruf, a haɗa shi da bel mai tauri.

Sannan doka. Tun hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2022 a shari'ar Bruen, kan 'yancin fita da bindiga, samun izinin ɗaukarta ya sauƙaƙa a wasu jihohi, amma takardar wata jiha ba lallai ta yi aiki a New York ko California ba.