Abin da aka tattauna kan Dragon Age II

Na bi zancen da 'yan wasa suka yi kan wasan bidiyo na Dragon Age II har ƙarshe, ga abin da na tsinta:

1. Kowa ya koka da kogon nan guda da ake ta maimaitawa a wasan. Ka shiga sau goma, an toshe wata ƙofa an buɗe wata, wai sabon wuri ne.
2. Abokan gaba masu dirowa daga sama ma sun ishi mutane.
3. An rabu kan Kirkwall, garin da labarin wasan ke gudana. Wasu sun gaji da zaman gari ɗaya, wasu sun ce shekarun Hawke, jarumin wasan, a cikinsa su ne daɗin labarin.
4. Mai son ƙarasawa ya rage wahalar wasan, ya bi barkwancin Varric, abokin tafiyar Hawke, har faɗan Arishok, wani babban abokin gaba. Ni ma haka na yi.
5. Wasu sun ce kada a auna wasan da Origins na 2009, wato Dragon Age na farko. Da wuya kam.