Shawarwarin mata kan hijabi daga wata Islamiyya a Jos

Bayan karatun Asabar a wata Islamiyyar matan aure da ke Anguwan Rogo, hira ta koma kan hijabi. Ga abin da aka tsayar.

Malama ta fara da tushe. Aya ta 31 a Suratun Nur ta umarci mata muminai su sauke mayafansu a kan ƙirji, aya ta 59 a Suratul Ahzab kuma ta ce su lulluɓa da manyan tufafinsu domin a gane su, kada a cutar da su. Fuska da tafin hannu akwai saɓanin malamai, mafi yawan Malikiyya ba su ɗauke su al'aura ba, don haka mai niƙabi kada ta raina marar niƙabi.

An fi daɗewa kan yadi. Wata Hajiya mai ɗinki ta ce, "'Ya'yana, in kun je kasuwar Terminus ku ɗaga yadin a rana. In kun hango yatsunku ta ciki, ku ajiye shi." Mai roba da ke manne wa jiki ma haka, ko da ya kai ƙasa. Ni wannan shawarar ta fi kama ni, domin yawancinmu launi muke fara dubawa.

A bar turare mai ƙarfi in za a fita. Mai hawa babur ta tattare hijabinta a cinya, kada taya ta ja shi.

Game da 'yan mata kuwa, iyaye suka ce a saba musu tun suna ƙanana, da lallashi da yabo, uwa kuma ta fara sawa su gani.