Abincin kwaɗin dafi a zafin Kano: ƙudajena sun daina haihuwa

Sani_Gwale:
Assalamu alaikum. Ina da kwaɗi biyu irin Dendrobates tinctorius, shuɗayen nan na Kudancin Amurka, haifaffun gida. Ƙananan ƙudajen da nake kiwata musu sun daina haihuwa tun shigowar bazara. Ko in riƙa kamo musu cinnaka da ƙwarin tsakar gida?

Malam Habu Fagge:
Wa alaikumus salam. Kada ka kamo, Malam Sani. Ƙwaron gida ya bi ta kan fiya-fiya da maganin sauro, kuma kwaɗon nan ɗan kaɗan ya ishe shi mutuwa.

Zafi ne ya karya maka kiwon. Ƙudan da kake kiwo, Drosophila melanogaster, yana son digiri 24 zuwa 25, daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 10 zuwa 14. Da zafi ya kai 30 mazan sukan daina haihuwa, mu kuwa a Afrilu muna taɓa 40. In babu na'urar sanyaya ɗaki, saka robobin kiwon ƙudan a ƙaramar tukunyar ƙasa, ka zura ta cikin babba, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Sa ma'aunin zafi a ciki.

Haɗin abincin ƙudan: ayaba ɗaya da ta nuna lugub, dafaffen dankalin Turawa daidai ita, ƙaramin cokali ɗaya na yis, binega babban cokali ɗaya saboda funfuna. Markaɗa da kauri, ka zuba santimita 2 zuwa 3 a gindin roba. Cusa dunƙulalliyar takarda inda tsutsa za ta hau, zuba ƙuda 50 zuwa 100, ka ɗaure bakin da ƙyalle mai matsattsen saƙa. Ƙudan kiwon ba ya tashi, amma in ƙudan waje ya shiga ya yi barbara, 'ya'yan za su fito masu tashi. Ka haɗa sabuwa kowane mako, ka zubar da wadda ta kai mako 4, don ƙananan ƙwari dangin kaska suna mamaye tsohuwa.

Maman Khalifa:
Kafin ƙudan ya dawo, ƙwaron wake zai riƙe kwaɗin. Shi zafinmu ma daɗi yake masa, mako 3 zuwa 4 sabbi sun fito. Amma ka samo waken da ba a sa masa magani ba, daga hannun manomi, don na kasuwa sau da yawa an zuba masa. Jikinsa da tauri, saboda haka manyan kwaɗi kaɗai, kuma kada ya zama abincin kullum.

Dokta_Nura:
Yaya Habu, ka tsallake hoda. Ƙuda ba shi da isasshen kalsiyam. Duk ranar ciyarwa a zuba su a kofi, a barbaɗa garin kalsiyam mai bitamin D3, a girgiza har su yi fari. Bitamin A sau ɗaya ko biyu a wata. In ya yi ƙaranci za ka ga kwaɗo yana harba harshe, ƙuda ba ya mannewa. Rashin kalsiyam kuwa ƙafafu ke lanƙwashewa. Hodar tana rage ƙarfi, a sauya ta bayan wata 6 da buɗewa.

Babban kwaɗo a ba shi ƙuda 20 zuwa 30 duk bayan kwana biyu, ƙananan kwaɗi kullum. In washegari ka ga ƙudaje na yawo a jikinsu, ka yi yawa, rage.

Malam Habu Fagge:
Haka ne, Dokta. Malam Sani, auna akwatin kwaɗin ma yau ɗin nan. In ya haura digiri 28, fara da sanyaya shi.